Takardu Uku a Kan Tabarma

Takardu uku na shimfiɗa kan tabarma,
na danne kowace da tsakuwa, kar iska ta zaɓa mini.
Kuran ya ɗauke tun la'asar,
duwatsun Birni na ta amayar da zafin da suka sha wuni.

Dakar ta ce zo, akwai teku,
akwai ɗakin karatu hawa huɗu da ba ya rufewa sai dare.
Amma hayar ɗaki kaɗai jaka tamanin a wata,
ban da shinkafa, ban da mota.
Kasabulanka ta ce in kawo fasfo da hoto,
sun yafe kuɗin makaranta, na jirgi kuwa yana wuyana.
Kano ba ta cika baki ba.
Ta san ni, na san ta,
in na bar tasha da asuba, a can zan yi azahar,
ga gwaggo Sahiya a Fagge da ɗaki babu kowa.

Zango ɗaya ne fa, wata biyar,
amma kwana bakwai ina juya shi kamar masa a tanda,
gefe ya ƙone, ciki bai nuna ba.

Mutari ya aiko saƙo a salula:
ki ɗauki wadda sunanta zai yi nauyi a dosiye.
Ban amsa ba.
Shi ubansa na da tirela biyu a hanya.

Inna na ƙirga cinikin alkaki, leɓe na motsi.
Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba,
ba a kuma taɓa cin ta dala ɗaya a Kasuwar Dole ba.
Na karanta mata sunayen darussa,
dabarun talla, lissafin riba, sarrafa haja.
Ta ce, "Duk ina yin su kafin hantsi.
A wace ake koyar da bin bashi wurin maƙwabciya
ba tare da gaisuwa ta mutu ba?"
Na duba har bayan takarda.
Babu.

Baba bai ɗago daga basilla ba sai da ya kai ƙarshen ɗinki.
Ya goge jan rini a gefen riga,
ya ɗauki ta tsakiya,
ya murza ta da yatsa yadda yake gwada fata.
"Kakana ya ce fatunmu raƙuma suka kwasa arewa,
can suka samo suna, ba su dawo mana da shi ba.
Jakar da na ɗinka kwana tara, na sayar jaka shida,
wani baƙo ya nuna mini ƴar'uwarta a hoto,
bayan gilashi, an ninka ta goma.
Shekara talatin ina tunanin
a wane lungu ake yin ninkin nan.
Fauza, in za ki, je ki gano mini."

Na ce kuɗin jirgi fa?
Shiru, sai jaki a bayan katanga.
Inna ta ƙulle bakin zanenta, ba ta dube ni ba:
"Ɗaukar adashi tawa ce watan gobe.
Da firji na so saya.
Firjin da kuran ba ya zama, me zai sanyaya?"

Ƙarfe biyun dare famfo ya yi tari, ruwa ya zo,
unguwa ta tashi da ƙarar bokiti.
Wuta ma ta dawo, kamar sun haɗa baki.
Na cike takarda, hannu na rawa a wurin sa hannu.
Na zaro ƙaramar alabe daga kwandon Baba,
ja, mai bakin kore,
na cusa ta ƙasan akwati.
Zan shiga kantinsu in tambayi kuɗinta
kamar ban san wanda ya ɗinka ba.

Da safe na nemi sauran biyun, in adana.
Inna ta riga ni.
Dakar da Kano sun tafi kasuwa,
kowace da alkaki biyar a cikinta.